Faranta Wa Allah Rai Aikin Ɗa Ne, Ba Na Ɗan Ƙodago Ba

Ya Edita,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da dukan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙonka ɗan fili domin in yi magana da 'yan'uwana Kiristoci a kan wani al'amari da ya daɗe a raina, wato burin da kowane mai bi yake furtawa da bakinsa na yin rayuwar da za ta faranta wa Allah rai. Na san ba dukan masu karanta jaridar nan ne Kiristoci ba, ina kuma fata sauran za su karanta da haƙuri, domin tambayar abin da Mahalicci yake so daga wurin mutum ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya gaskata cewa wata rana zai tsaya a gabansa.

Watannin baya na je gaishe da wata dattijuwa ta ikilisiyarmu wadda ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar. Fiye da shekara 40 ba a taɓa buɗe ƙofar majami'a ba tare da ita ba, kuma ba majinyacin da za a ce yana kwance ba ta taka ta je ta dubo shi ba. Na same ta a kan gado, hannunta na dama a miƙe ba ya motsi, Littafi Mai Tsarki nata a gefen matashi, bangonsa ya koɗe, gefen takardunsa ya yi baƙi saboda yawan buɗewa. Bayan mun gaisa na tambaye ta jiki, sai ta yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ta ce da ni, da harshen da ciwon ya nauyaya: "Ɗana, ba ciwon ne yake damuna ba. Yanzu da me zan faranta wa Ubangiji rai? Ba na zuwa sujada, likita ya hana ni azumi, ba ni da abin baiko. Na zama kaya kawai." Hawaye ya gangaro mata ta gefen ido har cikin kunne, ba ta kuwa iya ɗaga hannu ta share ba. Na dawo gida da wannan magana, har yau ba ta bar ni ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, wannan baiwar Allah ba ta ƙirƙiro wannan tunani da kanta ba. Mu muka koya mata shi, a cikin wa'azinmu, da addu'o'inmu, da irin mutanen da muke yabo a gaban jama'a. Sannu a hankali mun mayar da faranta wa Allah rai wani irin ciniki, na ba ni gishiri in ba ka manda: ka yi azumi kwana kaza a buɗe maka ƙofa kaza, ka ba da baiko mai tsoka, wato kyautar da ake bayarwa a majami'a, a ninka maka, ka kwana a tsaye kana addu'a Allah ya ga ƙoƙarinka ya biya. Wanda ya tashi a cikin irin wannan koyarwa yakan ɗauki kansa ɗan ƙodago a gonar Allah, wanda darajarsa take daidai da yawan kunyoyin da ya nome kafin rana ta faɗi. Muddin yana da ƙarfi yakan ji daɗin lissafin, har ma ya riƙa duban na kusa da shi da ido ɗaya. Ranar da ƙarfi ya ƙare kuwa, ko ya yi abin da ya alkawarta bai ga sakamakon da ya sa rai ba, sai ya faɗa ɗaya daga cikin ramuka biyu: ko ya yi fushi da Allah domin yana ganin an danne masa hakki, ko ya yanke ƙauna domin yana ganin an sallame shi daga aiki.

Littafi Mai Tsarki bai jera abin haka ba. A Bisharar Matiyu 3:17, sa'ad da Yesu ya fito daga ruwan Kogin Urdun bayan Yahaya ya yi masa baftisma, murya ta zo daga sama tana shaida cewa wannan ne Ɗan da ake ƙauna, wanda Uba yake farin ciki da shi ƙwarai. A lokacin bai warkar da kuturu ko ɗaya ba, bai yi wa'azin kan dutse ba, bai kira almajiransa su bar tarunansu ba. Farin cikin Uba ya riga aikin, aikin kuwa daga cikinsa ya fito, shi ya sa daga baya Yesu ya iya cewa, a Yahaya 8:29, kullum yana yin abin da yake faranta wa wanda ya aiko shi rai. Bangaskiyarmu ita ce, duk wanda ya dogara ga Almasihu an karɓe shi a cikin wannan Ɗa. Manzo Bulus ya shimfiɗa tsarin dalla-dalla a Afisawa 2:8-10: ta wurin alheri aka cece mu, ta hanyar bangaskiya, ba don ayyuka ba, kada wani ya yi fariya, amma a aya ta 10 ya ƙara da cewa an halicce mu cikin Almasihu Yesu domin kyawawan ayyuka waɗanda Allah ya riga ya shirya mu yi tafiya a cikinsu. Ayyukan suna nan daram, sai dai mazauninsu bayan karɓa ne, kamar yadda 'ya'yan itace suke zuwa bayan saiwa ta kama ƙasa.

Akwai wani abu a cikin misalin ɗan da ya ɓata, a Luka sura 15, da muke yawan tsallakewa. Dukan 'ya'yan nan biyu tunanin ɗan ƙodago suke yi. Ƙaramin, wanda ya bar gida ya ɓarnatar da rabon gadonsa, sa'ad da yunwa ta koya masa hankali, ya shirya jawabinsa tun daga nesa, ƙarshen jawabin kuwa shi ne a mai da shi kamar ɗaya daga cikin ma'aikatan gidan. Uban bai ma bari zancen ya kai nan ba, ya ce a kawo riga mafi kyau da zobe da takalma. Babban kuwa, wanda bai taɓa barin gida ba, ya ƙi shiga bikin dawowar ƙanensa, da ya buɗe baki sai lissafi ya zubo: ga shekaru da yawa yana bauta, bai taɓa ƙetare umarni ba, amma ko ɗan akuya ba a taɓa ba shi ba. Shekarun nan duka yana kwana a ɗakin ɗa da zuciyar bara. Amsar uban ita ce a kira shi ɗa, a tuna masa cewa kullum yana tare da uba, duk abin da uban yake da shi kuma nasa ne. Yesu bai gaya mana ko babban ya shiga gidan ba, ina kuma ganin da gangan ya bar ƙofar a buɗe, domin Farisiyawan da suke sauraronsa, wato masu tsananta bin dokokin addinin Yahudawa, su ne za su ba da amsar da ƙafafunsu.

Wannan gwagwarmaya tsohuwa ce a tarihin ikilisiya. Martin Luther, wanda daga baya ya jagoranci gyaran ikilisiya da ya haifi ɗarikun Furotesta, ya shiga gidan sufaye a birnin Erfurt na ƙasar Jamus a shekara ta 1505, ya azabtar da kansa da azumi da rashin barci, yana ɗaukar sa'o'i yana furta zunubansa har mai sauraronsa ya gaji, duk da haka lamirinsa bai taɓa ba shi tabbacin cewa ya yi abin da ya isa ba. Hutu ya zo masa ne a kan Romawa 1:17, inda ya gane cewa adalcin Allah da bishara take bayyanawa kyauta ce da ake karɓa ta bangaskiya. Daga baya ya koyar da cewa kyawawan ayyuka ba sa mai da mutum nagari, amma nagarin mutum yakan yi kyawawan ayyuka. Kada wani ya ɗauka wannan zance ne na ɗarika ɗaya kawai. A ranar 31 ga Oktoba, 1999, a birnin Augsburg, wakilan Ikilisiyar Katolika da na Tarayyar Lutheran ta Duniya sun sa hannu a kan wata sanarwa ta haɗin gwiwa, inda suka shaida tare cewa ta alheri kaɗai, cikin bangaskiya ga aikin ceto na Almasihu, ba don cancantarmu ba, Allah yake karɓarmu, ya kuma ba mu Ruhu Mai Tsarki wanda yake sabunta zukatanmu, yana kiranmu ga kyawawan ayyuka. Abin da ya raba Kiristocin Yamma ƙarni huɗu da ɗoriya, a kan wannan gaɓa dai sun iya faɗarsa da baki ɗaya.

Na san abin da wani dattijo mai kishin tsarki zai ce a nan, domin an sha faɗa mini: in ka gaya wa mutane an riga an karɓe su, ai ka kwance musu linzami. Ban raina wannan tsoro ba, don na ga waɗanda suka mai da alheri mafakar lalaci, suna zunubi da rana, da dare suna cewa jinin Yesu ya wanke. Amma Bulus ɗin nan da ya fi kowa ɗaukaka alheri shi ne ya rubuta a 2 Korintiyawa 5:9 cewa burinsa, ko yana cikin jiki ko ya rabu da shi, shi ne ya faranta wa Ubangiji rai, nan da nan kuma a aya ta 10 ya tuna mana cewa dukanmu za mu bayyana a gaban kursiyin shari'a na Almasihu. Ɗa na ƙwarai ya fi ɗan ƙodago kula da gonar, domin ɗan ƙodago yana duban rana ne, ɗa kuwa yana duban fuskar ubansa. Hausawa sun ce kyan ɗa ya gaji ubansa, haka kuma Afisawa 5:1 ta ce mu zama masu koyi da Allah kamar 'ya'yan da ake ƙauna.

To, mene ne Uban ya ce yana so? A nan ne nake ganin mun fi yin nisa da nassi. Wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Tasalonikawa tana cikin mafi daɗewa a rubuce-rubucen Sabon Alkawari. Ya rubuta ta daga Korinti wajen shekara ta 50 ko 51 bayan haihuwar Almasihu, zuwa ga sababbin masu bi da tarzoma ta tilasta masa ya bari da dare, kamar yadda Ayyukan Manzanni sura 17 ta ba da labari. A sura ta 4 ya tuna musu yadda ya koya musu tafiyar da za ta faranta wa Allah rai, ya shaida cewa suna yi, ya roƙe su su ƙara. Sa'an nan ya fasa maganar. Su guje wa fasikanci, kowa ya mallaki jikinsa cikin tsarki da mutunci. Kada kowa ya ƙetare iyaka ya cuci ɗan'uwansa a wannan sha'ani, domin Ubangiji mai sakayya ne. Su ci gaba da ƙaunar juna. Su zauna lafiya, kowa ya kula da sha'anin gabansa, su yi aiki da hannuwansu, domin su zama da mutunci a idon waɗanda ba masu bi ba, kada kuma su zama nauyi a kan kowa. Masana harshen Helenanci sun lura cewa kalmar da Bulus ya yi amfani da ita a aya ta 11, inda ya ce su sa burin zama lafiya, ita ce dai kalmar da ya yi amfani da ita a 2 Korintiyawa 5:9 game da burin faranta wa Ubangiji rai, kalma ce kuma mai ɗauke da ma'anar neman girma da suna. Wato duk zafin da mutumin duniya yake sawa wajen neman a san shi, mai bi ya sa irinsa wajen riƙon amanar aure, da gaskiya a sana'a, da barin tsoma baki a abin da ba nasa ba. A cikin jerin nan babu abin da za a yi wa tafi a gaban taro, kusan duka abubuwa ne da suke faruwa daga Litinin zuwa Asabar, a ɗakin kwana da wurin aiki.

Annabi Mika ya riga ya faɗi haka tun ƙarni na 8 kafin haihuwar Almasihu. A sura ta 6 ya kawo muryar mai sujada yana ta ƙara tayi kamar mai ciniki: ko ya zo da 'yan maruƙa bana ɗaya, ko da dubban raguna, ko da kogunan mai dubu goma, ko kuwa ya ba da ɗan farinsa saboda laifinsa? Amsar a aya ta 8 ita ce an riga an nuna wa mutum abin da yake nagari: ya yi adalci, ya ƙaunaci jinƙai, ya yi tafiya da Allahnsa cikin tawali'u. Ayoyin da suka biyo baya kuwa sun sauko kai tsaye kan mudun algus da ma'aunin zamba. Mutumin da yake tauye awo ko yake riƙe hakkin ma'aikacinsa, sa'an nan ya ɗebi wani abu daga ribar ya kai gaban bagade, bai kawo wa Allah kyauta ba, shaidar da za a kama shi da ita ya kawo.

Ba zan faɗi wannan kamar wanda hannunsa yake da tsabta ba. Akwai lokacin da muka sami saɓani da ƙanena a kan rabon gado, na faɗa masa maganar da bai kamata wa ya faɗa wa ƙane ba, muka shekara 2 ba ma ko gaisawa. A cikin shekarun nan ban fasa sujada ko sau ɗaya ba, ina koyar da ajin nazarin Littafi Mai Tsarki, mutane kuma suna yaba mini. Wata rana da dare ina shirya darasi sai na iso Matiyu 5:23-24, inda Yesu ya ce in kana miƙa baikonka a bagade, ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka bar baikon a nan, ka je ku shirya tukuna. Na sha karanta wurin, amma a daren nan ne na lura cewa bai ce in kai kana da magana a kansa ba, cewa ya yi in shi yana da magana a kanka. Kuma ga mutanen Galili da suka fara jin wannan, bagaden yana Urushalima ne, komawa gida tafiyar kwanaki ce a ƙafa. Na rufe littafin, na kasa rubuta ko layi ɗaya. Da na je wurinsa, ya fito ya zauna a bakin ƙofa, bai ce in shiga ba, yana ta juya makullin da ke hannunsa, idonsa a ƙasa. Na ce masa, "Ƙanena, na yi maka laifi, ka yafe mini." Ya daɗe bai amsa ba, daga baya ya ce, "Yaya, na ji." Gyaran ya ɗauki watanni, har yanzu ma akwai tabo. Amma na tabbata cewa zaman nan na bakin ƙofa ya fi dukan darussan da na koyar a shekaru biyun nan kusa da abin da Allah ya nema a wurina.

Abin da ya riƙe ni tsawon lokacin nan shi ne yabon mutane, wanda yake da sauƙin sajewa da yardar Allah har mutum ya kasa rarrabewa. Sarki Saul misali ne mai ban tsoro. A 1 Sama'ila sura 15 ya bar Agag, sarkin Amalekawa, da rai tare da mafi kyawun tumaki da shanu, ko da yake an umarce shi ya hallaka su duka, ya kafa wa kansa al'amudin tunawa a Karmel, sa'an nan ya tarbi annabi Sama'ila da cewa ya cika umarnin Ubangiji, alhali kukan tumakin yana tashi a bayansa. Da aka matsa shi ya ce an ajiye su ne don hadaya, sai annabin ya gaya masa cewa biyayya ta fi hadaya. A aya ta 24 gaskiya ta fito: ya ji tsoron jama'a ne, ya bi muryarsu. Ko bayan an gaya masa an ƙwace mulkin, roƙonsa a aya ta 30 shi ne a girmama shi a gaban dattawan jama'arsa. Bulus ya san wannan cuta, shi ya sa ya ce a Galatiyawa 1:10 da har yanzu mutane yake neman farantawa, da bai zama bawan Almasihu ba, ya kuma gargaɗi Kolosiyawa a kan aikin ganin ido. A Matiyu sura 6 Yesu ya ɗauki sadaka da addu'a da azumi, ya mayar da kowannensu ɓoye, inda Uba kaɗai yake gani.

Saboda haka ina kira ga fastocinmu da dukan masu hawa mumbari, cikin girmamawa, su duba abin da jama'a suke ɗauka su tafi da shi gida. In bayan shekara guda ta wa'azi mai arziki ya fita yana jin ya fi kusa da Allah saboda girman baikonsa, gwauruwa kuma ta fita tana jin kunya, to, mun juya Markus 12:41-44 a kife, inda Yesu ya zauna daura da baitulmalin Haikali ya ce matar da ta jefa 'yan ƙananan tsabar kuɗi guda biyu ta fi kowa bayarwa. A koya wa mutane su ba da baiko, su yi azumi, su himmantu ga taron masu bi, duka suna cikin nassi. Amma a fara gaya musu su wane ne su a wurin Uba, a kuma gaya musu cewa kula da iyaye tsofaffi abin karɓa ne a gaban Allah, kamar yadda 1 Timoti 5:4 ta ce, haka ma kyautatawa da taimakon juna, waɗanda Ibraniyawa 13:16 ta kira hadayun da Allah yake jin daɗinsu.

Bayan mako guda na koma wurin dattijuwar nan, domin a zuwan farko ban ba ta amsar kirki ba. Na karanta mata labarin Anuhu a Farawa sura 5, wanda ya yi shekara 365, mafi ƙarancin kwana a cikin jerin kakannin nan, ɗansa Metusela ma ya kai 969. Ba a rubuta ya gina jirgi ko ya ci yaƙi ba, an dai ce ya yi tafiya tare da Allah, Ibraniyawa 11:5 kuma ta ce an shaide shi ya faranta wa Allah rai. Sa'an nan na buɗe Zabura 147:10-11, inda aka ce Ubangiji ba ya jin daɗin ƙarfin doki, ba ya kuma sha'awar ƙafafun mutum, waɗanda yake jin daɗinsu su ne masu tsoronsa, masu sa zuciya ga madawwamiyar ƙaunarsa. Ta ce in maimaita wurin ƙafafun, na maimaita. Na ce mata, "Mama, ranar da kika haifi ɗanki na fari, wane aiki ya yi miki kafin kika ƙaunace shi?" Ba ta amsa ba, ta dai daɗe tana duban rufin ɗakin. Da zan tafi ta ce in ɗauko takarda in rubuta mata sunayen majinyatan ikilisiya da manyan baƙaƙe, in manna a bango daidai inda idonta yake kaiwa in tana kwance, domin ta riƙa ambatonsu a gaban Ubangiji ɗaya bayan ɗaya. Sunaye 9 na rubuta a ranar, ta ce in bar wuri a ƙasa saboda waɗanda za a ƙara.

Na gode, ya Edita, da filin da ka ba ni.

Naka cikin girmamawa,
Wani mai karanta jaridarku a kullum